Maikurowef mai yawan zafi: a nemo dalili, a daina ɗaure wayar tamostat

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu yi magana a kan wata matsala da ke kai na'urori masu sauran ƙarfi bola, wani lokaci ma ta jawo gobara. Maikurowef ne, wato na'urar ɗumama abinci, idan ya fara ɗaukar zafi har yana kashe kansa a tsakiyar aiki. Sana'armu gyaran kayan lantarki ce, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata muguwar dabara da ta yaɗu: a cire tamostat, ɗan abin nan da ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima, a haɗe wayoyinsa biyu wuri guda, a ce an gyara. Mai yin haka ya ɗaure wa kare baki ne don ya gaji da haushi, ya bar ɓarawo a cikin gida. Tamostat ba ya yanke wuta haka kawai. Akwai abin da ya gani, kuma shi ya kamata a nemo.

Kowane maikurowef yana yin zafi, wannan ba ciwo ba ne. A cikinsa akwai wani bututu mai suna magnetiron, wanda ke juya wutar lantarki ta zama igiyoyi masu kaɗawa sau miliyan 2450 a daƙiƙa guda, su kuma igiyoyin su motsa ruwan da ke cikin abinci har ya ɗumama. Sai dai ba duk wutar da na'urar ta ja ce ke isa ga abincin ba. A duba takardar da ke manne a bayanta. Wadda aka rubuta tana bayar da wat 800, za a ga tana jan wajen wat 1200 zuwa 1300 daga soket. Ragowar wat 400 zuwa 500 ɗin nan ba ɓacewa suke yi ba, zafi suke zama, akasarinsa a jikin magnetiron da taransifoma, a cikin wani matsattsen lungu da ke bayan madannai. Na'urar farko da kamfanin Raytheon na Amurka ya fitar a 1947, bayan binciken injiniyansa Percy Spencer, da ruwa ake sanyaya ta. Ta yau ba ta da komai sai 'yar fanka guda ɗaya. Fankar tana zuƙo iska ta hudojin baya ko na ƙasa, ta hura ta tsakanin fikafikan ƙarfen da ke kewaye da magnetiron, iskar ta bi wani ɗan bututu ta shiga ɗakin abinci, ta kwashi tururi ta fita ta ɗaya gefen. Duk abin da ya tare wannan hanya, a farko ko a tsakiya ko a ƙarshe, zafi zai jawo. Nan ne tushen mafi yawan matsalolin da muke magana a kai.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar da wane irin zafi ake kuka da shi, domin abubuwa daban-daban ne ake kira da suna ɗaya. Idan saman akwatin ya yi ɗumi bayan minti goma ana aiki, ana iya ɗora hannu a kai a daɗe, lafiya lau ne. Haka kuma wasu na'urorin fankarsu na ci gaba da juyawa na 'yan mintoci bayan an gama, da gangan aka yi su haka. Alamar da ta fi nuna ciwo ita ce na'ura ta fara aiki daidai, bayan minti uku ko biyar ko takwas ta mutu ɗif, a wasu har da agogon fuskarta, sannan bayan ta huce na minti ashirin ko talatin ta dawo da kanta. Wannan tamostat ne ya buɗe, ya kuma rufe da ya huce. Idan ta mutu ba ta ƙara tashi ba, to ko dai fis ya ƙone, ko tamostat ɗinta irin mai yankewa sau ɗaya ne. Idan kuwa kwanon ne ke yin zafi abincin yana nan da sanyinsa, laifin kwano ne. A gwada shi haka: a ajiye shi babu komai a ciki, a sa kofin gilashi cike da ruwa a gefensa, a kunna minti ɗaya. Ruwan ya kamata ya ɗumama, kwanon ya tsaya da sanyinsa. In kwanon ya yi zafi, yana shan igiyoyin ne, a daina sa shi. Kwanukan melamin da wasu tangaran masu ado da zaren ƙarfe suna cikin wannan sahu.

A fara daga waje, inda ba a buƙatar sukundireba. Ina aka ajiye na'urar? Sau da yawa za a tarar an tura ta ta manne da bango, an cusa ta cikin kabad mai ƙofa, an shimfiɗa mata kyalle a kai don ado, ko an jera leda da kwalaye a gefen da iska ke fita. Littafin kowace na'ura yana faɗin tazarar da take so, kuma abin da aka fi rubutawa shi ne wajen santimita 10 a baya da gefuna, da santimita 20 zuwa 30 a sama. Wadda aka ƙera don a ajiye a kan tebur ba a gina ta cikin kabad, masu shiga kabad ƙirarsu daban ce, iskarsu ta gaba take fita. Ƙafafun robar da ke ƙasa ma suna da aiki, su ke ɗaga ta domin iska ta shiga ta ƙasa, don haka in sun fita a mayar da su. Kada a ajiye ta kusa da murhu ko a kan wani obin, domin fanka ba za ta sanyaya komai da iska mai zafi ba. Bayan haka a cire fulogi a haska tocila cikin hudojin. Ƙura idan ta haɗu da maiƙon girki takan zama wani kauri mai danƙo da ke toshe hudoji rabi da rabi. A goge da busasshen buroshi, sannan da tsumma mai ɗan laima da sabulu, ba tare da ruwa ya zuba ciki ba. Irin waɗanda ake kafewa a saman murhu suna da ragar tace maiƙo a ƙasansu, a zare ta a jiƙa cikin ruwan zafi da sabulu duk wata.

Sai a kunna da kofin ruwa a ciki, a sa tafin hannu a inda iska ke fita. Ya kamata a ji iska tana turo hannu sosai tun daga daƙiƙar farko. Idan ba a ji komai ba, ko ana jin ta da rauni, ko ana jin wani ƙara kamar abu na gogar abu, a kashe nan take. Magnetiron ba ya jure aiki babu iska, cikin 'yan mintoci yake lalacewa.

Wutar da ake ba ta ma abin dubawa ce, kuma an cika mantawa da ita. A kan bolt 230, maikurowef yana jan kusan amfiya 6, a lokacin tashi kuma fiye da haka. Idan fulogin ne ke zafi, ko robar soket ta fara canza launi, ba a cikin na'urar ciwon yake ba: bakin soket ne ya saki, ko kuma siririyar wayar ƙari aka ja mata. A ba ta soket nata ita kaɗai, mai wayar ƙasa. In dole sai an yi ƙari, kaurin wayar kada ya gaza murabba'in milimita 1.5, kuma a warware ta, kada a bar ta a naɗe. Wutar da ta haura ƙa'ida tana dafa taransifoma, domin taransifomar maikurowef an ƙera ta ne dab da iyakar abin da ƙarfenta zai ɗauka, ba ta da rara. Akwai kuma tarkon da ke kama masu sayen na'urar da aka yi don wata ƙasa. Wadda aka ƙera don bolt 120 da hatz 60 (hatz shi ne yawan zagayen da wutar ke yi a daƙiƙa guda), kamar na Amurka, idan aka kai ta inda wuta take bolt 230 da hatz 50, taransifomar rage wuta bolt kawai take gyarawa, ba ta taɓa hatz. Sai taransifomar ciki ta riƙa zafi fiye da da, ita kuma fanka saurinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Zafi ya ƙaru, iska ta ragu. Janaretan da gudunsa ya faɗi ƙasa shi ma haka yake yi mata.

Yanzu a buɗe ƙofa a dubi ɗakin abinci da kyau. A bangon dama galibi, wani lokaci a rufi, akwai wani ɗan allo mai launin toka da ƙyalli, kamar kwali. Da maika ake yin sa, wani ma'adini mai jure zafi, kuma aikinsa ya rufe bakin hanyar da igiyoyi ke fitowa daga magnetiron, ya bar su su wuce, ya tare maiƙo da tururi. Idan miya ta fantsama a kansa aka bar ta, duk lokacin da aka kunna sai ta ƙara ƙonewa har ta zama gawayi. Gawayi kuwa yana ɗaukar wuta. Daga nan sai tartsatsi, sai ƙauri, sai rami a jikin allon, sai tartsatsin ya bi hanya ya ƙone kan magnetiron. Mutane da yawa sun zubar da na'ura mai lafiya saboda wannan ɗan allo, alhali canza shi aikin minti goma ne da kowa zai iya. A cire fulogi, a zare allon (ƙusar roba ɗaya ko 'yan kunnuwa ke riƙe da shi), a goge maiƙon da ke bayansa tas, a ɗora tsohon a kan sabuwar takardar maika a zana, a yanka da almakashi ko reza, a goge bakin ya yi sumul, a mayar. Kada a maye gurbinsa da kwali ko roba, kuma kada a yi aiki babu shi.

A dubi fenti kuma, musamman inda tayoyin faranti ke bi da kuma ƙasan ƙofa. Inda fenti ya ɓare tsatsa ta kama, nan ma tartsatsi ke tashi. Idan tsatsar a sama take, a goge da sanfefa har ƙarfe ya fito fari, a share, a shafa fentin da aka yi musamman don cikin maikurowef, a bar shi ya bushe yadda gwangwaninsa ya ce. Idan ta huda ƙarfen, wannan ya wuce gyara. Farantin gilashi kuwa dole ya riƙa juyawa, sau biyar ko shida a minti. Igiyoyin ba sa bazuwa daidai a ɗakin, akwai wuraren da suke taruwa, tazarar wajen santimita 6 tsakanin ɗaya da ɗaya. Idan faranti ya tsaya, sai wani gefen abinci ya ƙone wani gefen yana sanyi, mai gida ya ce na'ura ta yi zafi da yawa. A ɗaga faranti a duba ɗan abin roba mai kai uku da ke juya shi, ko ya tsage, a wanke tayoyin. In motar ce ta mutu, a karanta abin da aka rubuta a jikinta kafin a sayi wata, domin akwai masu bolt 220 zuwa 240, akwai masu 21 ko 30, kuma kamanninsu ɗaya.

Wani abin da ke kashe magnetiron a hankali shi ne kunna na'ura babu komai a ciki, ko da abu kaɗan busasshe. Igiyoyin da ba su sami ruwan da zai sha su ba, komawa suke yi inda suka fito su zama zafi. Idan abin da za a ɗumama ɗan kaɗan ne, a ajiye rabin kofin ruwa a gefe. In kuwa wuta ta tashi a ciki, kada a buɗe ƙofa. A kashe, a cire fulogi, a bar ta a rufe, rashin iska zai kashe wutar.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna ƙarfin da ya rage wa na'ura. A zuba lita ɗaya na ruwan sanyi a kwanon gilashi, a juya, a auna zafinsa da ma'auni. A kunna da cikakken ƙarfi na daƙiƙa 60, a sake juyawa a auna. Bambancin digirin a ninka shi sau 70, abin da ya fito shi ne wat ɗin da take bayarwa, kusan-kusan. Mai wat 800 ya kamata ta ƙara wa ruwan digiri 10 zuwa 11. Idan digiri 5 ko 6 kawai ta ƙara, wutar gida kuma cikakkiya ce, ga shi jikinta na zafi fiye da da, to ƙarfin da ya kamata ya shiga ruwa yana ƙonewa ne a wani wuri a ciki.

Iyakar aikin mai gida ke nan, kuma muna roƙon a ɗauki wannan magana da gaske. Abin da ke ƙarƙashin murfin ƙarfen nan ba irin na rediyo ko fanka ba ne. Taransifomar tana ɗaga wuta zuwa wajen bolt 2000, kafasito (mai tara caji) da diyod (mai barin wuta ta bi fuska ɗaya kawai) su ninka ta zuwa wajen 4000, kuma tana iya turo kusan rabin amfiya, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba ya isa ya tsayar da zuciya. Kafasiton yana iya riƙe caji bayan an cire fulogi. Akwai rezisto, ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai mega-om 10 a cikinsa da ya kamata ya zubar da cajin cikin minti guda ko biyu, amma yakan mutu ba wanda ya sani. Wanda bai taɓa koyon aikin lantarki ba ya tsaya a nan ya kai wa mai gyara, kuma bayanin da ke tafe zai taimake shi ya gane ko ana yi masa aikin gaskiya.

Ga mai sana'a, ƙa'idar ba ta canzawa. A cire fulogi, a ajiye shi inda ido ke ganinsa. A cire agogo da zobe. Bayan an zare murfi, kafin hannu ya taɓa komai, a sauke cajin kafasito da rezisto mai kamar kilo-om 100, wat 20 ko sama, da aka ɗaure a wayoyi masu kariya mai kauri: tsakanin bakinsa biyu na daƙiƙa da yawa, sannan daga kowane baki zuwa jikin ƙarfen na'ura. A tabbatar da filaya mai hannun roba lafiyayye, da hannu ɗaya, ɗayan yana baya. Duk awon da za a yi, a yi shi wuta a kashe. Maltimita, wato mitar awon lantarki, ta yau da kullum iyakarta bolt 600 ko 1000, kada a kusantar da ita ɓangaren babbar wuta ana aiki. A ɗauki hoton wayoyi kafin a zare ko ɗaya.

Fanka ce farkon abin zargi. A kaɗa ta da yatsa. Lafiyayya takan yi zagaye da yawa kafin ta tsaya, wadda man bakin sandarta ya bushe kuwa tsayawa take yi nan da nan. Irin wannan takan tashi da sanyi, ta rage gudu yayin da ta ɗumama, shi ya sa na'ura ke yin minti biyar kafin ta mutu. A kwance motar, a goge sandar, a ɗiga digo biyu na man keken ɗinki a kan audugar da ke kowane baki. Man girki ba ya yi, daskarewa yake yi ya zama danƙo. In sandar tana girgiza gefe da gefe, bakin ya cinye, mai ba zai yi magani ba sai sabuwar mota. A auna naɗin wayarta: na mai bolt 230 yakan nuna om ɗaruruwa, in bai nuna komai ba ya yanke. A duba tsakiyar fiffiken ko ya tsage, domin sanda na iya juyawa a cikinsa shi yana tafiyar hawainiya. Kuma a lura da fuskar da yake kallo, fiffiken da aka mayar a juye iskarsa raguwa take yi sosai. Daga nan a share tsakanin fikafikan magnetiron da buroshi, inda ƙura da gawar kyankyasai ke taruwa, a tabbatar ɗan bututun robar da ke jagorantar iska yana mazauninsa. Masu gaggawa sukan manta da shi a kan tebur, iska ta riƙa watsewa ba ta ratsa inda ake so.

Sai bayan an gama da iska ake waiwayar tamostat. 'Yan ƙananan abubuwa ne masu zagaye da baki biyu, ɗaya a jikin magnetiron, ɗaya galibi a saman ɗakin abinci ko a hanyar fitar iska. An buga digirin da kowanne ke buɗewa a jikinsa, na magnetiron yawanci tsakanin 120 da 160. Da sanyi, mita ta nuna kusan sifili tsakanin bakinsa biyu. Banda ɗaya: a na'urorin da ake kafewa saman murhu akwai wanda a buɗe yake zaune, aikinsa ya tayar da fanka idan zafin murhu ya taso, kada a ɗauka ya mutu. Gaskiya ne tamostat yakan tsufa ya riƙa buɗewa da wuri. Ana gane haka idan iska na da ƙarfi, komai tsaf, amma yana yankewa tun ƙarfen da yake kai bai yi wani zafi ba. Maganinsa sabo mai lamba iri ɗaya, a ɗaure shi ya kwanta sosai a kan ƙarfe. Sa mai lamba mafi girma ɗan'uwan ɗaure waya ne. Da zarar an cire wannan kariya, ranar da fanka ta tsaya babu abin da zai hana magnetiron gasa robar da ke kusa da shi har ta kama.

A jikin magnetiron, a fara da wayoyi biyu da ke shiga ƙasansa. Bolt uku da ɗoriya ne kawai ke bin su zuwa zaren da ke ciki, amma amfiya wajen 10 ne, don haka in bakin ya ɗan saki sai ya yi zafi ya yi baƙi, robar ta narke. A matse shi da filaya, in ya ƙone a canza. Mita ta nuna ƙasa da om ɗaya tsakanin bakin biyu, kuma kada ta nuna komai tsakanin kowane baki da jikin ƙarfe. Sai a dubi maganaɗisun nan biyu masu kama da zobe, sama da ƙasa. Tsagewa ko da siririya ce tana rage ƙarfin igiyoyi ta ƙara zafi, kuma sau da yawa zafin da maganaɗisun ya sha a baya ne ya tsaga shi. Ba a liƙe shi, sai a canza magnetiron gaba ɗaya. Haka in hular kansa ta narke ko ta huje. Sabon ya dace da tsohon a ƙarfi, da wurin ƙusoshi, da tsawon kai, da fuskar da fikafikansa ke kallo, in ba haka ba iskar fanka za ta bugi bango. Zoben ragar tagulla da ke wuyansa ya zauna daidai, shi ke hana igiyoyi tsiyaya. Kada a fasa ko a goge farin ko jan tangaran da ke wuyan, ƙurar wasu irinsa guba ce ga huhu.

Diyod idan ya haɗe, za a ji gurnani mai ƙarfi, abinci ba ya ɗumama, taransifoma na zafi. Maltimita ita kaɗai ba ta iya gwada shi, sai an jera shi da batir mai bolt 9 a auna: ta fuska ɗaya a ga 'yan bolt, ta ɗayar a ga sifili. Kafasito yawanci tsakanin maikurofarad 0.8 ne da 1.1, bolt 2100. In ya kumbura ko yana yoyon mai, ya gama. A nan ma akwai kuskuren da ke jawo zafi: a sa wanda ya fi na asali girma don shi aka samu. Babban kafasito yana tura wa magnetiron wutar da ta fi ƙarfinsa, na'ura ta yi kamar ta ƙara lafiya na 'yan makonni, sannan ta fara yankewa. Taransifoma kuwa hanci ya fi mita gane ta. Naɗin da ya haɗe a ciki ba lallai awo ya nuna ba, amma ƙaurin fenti da takardar da ta yi baƙi ba sa ɓoyuwa. Na'urori masu inbata, irin waɗanda Panasonic ya yi fice da su, ba su da wannan babbar taransifoma, allon kayan lantarki ne a madadinta, kuma shi ma iskar fankar yake dogaro da ita.

Saura mai ƙona abinci ko an rage ƙarfi. A na'ura mai taransifoma, rage ƙarfi kunnawa da kashewa ne kawai: a rabin ƙarfi, magnetiron ya yi 'yan daƙiƙoƙi yana aiki, ya yi kamarsu yana hutawa, kuma kunne na jin gurnanin na zuwa yana tafiya. Idan an sa rabi amma gurnanin bai yanke ba, rile, wato makunnin da ke kunna magnetiron yana kashe shi, wanda ke kan allon sarrafawa, ya manne. Alamarsa mafi muni ita ce na'ura ta fara aiki da zarar an rufe ƙofa ba a danna komai ba. A cire fulogi, kada a mayar sai an canza rile. In a tsarin girki mai sarrafa kansa kaɗai take wuce gona da iri, ma'aunin tururi ne ya yi datti ko ya mutu.

Fis da ya ƙone a canza shi da irinsa, na tangaran, mai lamba ɗaya, galibi amfiya 8 zuwa 10 a kan bolt 230. Amma a fara auna makunnan ƙofa guda uku, domin ɗayansu an sa shi ne musamman ya ƙona fis idan sauran suka kasa yanke wuta yayin buɗe ƙofa. Naɗa wa fis waya yana kashe wannan kariya ita ma.

Wajen rufewa, bakin murfi ya shiga mazauninsa ta kowane gefe, kowace ƙusa ta koma, wayar ƙasa ta ɗauru. Sannan a sa lita biyu na ruwa a kwano mai faɗin baki, a kunna da cikakken ƙarfi minti goma ana tsaye a wurin, hannu na duba iska lokaci-lokaci. Mai gyaran da ya ce ya gama, a nemi ya yi wannan gwaji a gaban mai kaya, ya kuma nuna tsohon abin da ya cire. Ƙofar da ta lanƙwashe, ko ragar gilashinta ta yage, ko ba ta rufuwa daidai, ba a gyara ta da guduma. Ƙa'idar Amurka ta kayyade tsiyayar igiyoyi kada ta wuce miliwat 5 a kowane murabba'in santimita, a tazarar santimita 5 daga jikin na'ura, kuma ba a sanin haka sai da mitar da aka yi don wannan awo. Na'ura mai irin wannan ƙofa, ko mai hudajjen ɗaki, a yanke wayarta kafin a fitar da ita don kada wani ya tsinta ya kunna, kuma kada a ba yara ko masu koyo taransifomarta su yi gwaji da ita.

Mun gode, Malam Edita, da wannan fili.

Naku,
Wasu masu gyaran kayan lantarki